Playwright a gwajin manhajar bashin taki: inda ya yi kyau da inda yake barin ka

Masu rubuta manhajojin ƙungiyoyin manoma a yankin Haɗeja da Ringim, irin na rajistar bashin taki da iri, za su ji daɗin Playwright na kamfanin Microsoft, wato kayan aikin da ke gwada manhajar yanar gizo da kansa a cikin burauza. Kowane gwaji yana samun sabuwar burauza fes, babu kukis ko bayanan shiga da na baya ya bari. A nan babu abin kushewa.

Matsalar tana rumbun bayanai, wanda Playwright ba ya taɓawa ko kaɗan. A ce rumbu na da buhu 20 na taki. Gwajin farko ya ba manomi buhu 5 bashi, na biyu ya zo yana neman 20 ya tarar da 15, sai ya faɗi, alhali manhajar lafiyarta ƙalau. Abin ya fi muni idan gwaje-gwaje na gudana lokaci guda, domin Playwright kan raba aikin ga ma'aikata (workers, wato sassan da ke gudanar da gwaji a lokaci guda), waɗanda yawansu ya kai daidai rabin ƙwayoyin sarrafa kwamfutarka. Yau ya wuce, gobe ya faɗi. Wasu sai su kunna retries, wato maimaita gwajin da ya faɗi, wanda rufe ciwo ne kawai da bandeji.

Gyaran shi ne fixture, wato ɗan shirin da ke tanadar wa gwaji abin da yake buƙata, ya miƙa masa ta hanyar use(). Kafin use(), ka ƙirƙiri manominka da buhunanka ta API, wato hanyar aika umarni kai tsaye ga manhajar, ba ta danne-dannen shafi ba. Bayan use(), ka goge su. Wannan gogewar tana gudana ko da gwajin ya faɗi. Ka liƙa parallelIndex, wato lambar kowane ma'aikaci, a sunan kowane manomi don kada ma'aikata biyu su yi karo.

Don shiga asusu, tsarin storageState na Playwright na ajiye kukis da localStorage (ma'ajiyar burauza mai ɗorewa) a fayil guda, amma ba ya ɗaukar sessionStorage (ma'ajiyar da ke gogewa idan an rufe shafi). Manhajar da ke ajiye shaidar shiga a can za ta yi ta mayar da kai shafin shiga. Fayil ɗin nan kuma tamkar mabuɗi ne, a sa shi cikin .gitignore don kada ya shiga ma'ajiyar lambobin manhajar.

Inda sabis ke rawa kuma data ke tsada, kada a sauke duk burauza ukun da Playwright ke saukewa. Umarnin npx playwright install chromium ya isa. Kwamfuta mai RAM 4GB da ke kan sola kuwa, a sa mata workers: 1.