Na sayi kit ɗin siniya, ashe rabinsu 808 ce ta sake riga

Sati uku kenan da na sayi wani kit, wato tarin sautukan ganga, a intanet, kun dai san irinsu, masu talla cewa wai duk siniyar (sautin ƙaramar gangar nan mai tas) da manyan furodusoshin Amurka ke amfani da ita tana ciki. Ba zan ambaci mai sayarwar ba, masu haɗa bit, wato kiɗan waƙa, sun gane. Kuɗin da na biya da datar da ta tafi wajen saukewa wallahi har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Daren farko na zauna da hedfon ina danna su ɗaya bayan ɗaya a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, tas, tas, tas, sai kunnena ya fara ce min kai malam ai abu ɗaya kake ji. Na ɗauka gajiya ce. Da safe na kai sitidiyon ogana na kunna masa, ko minti biyu bai yi ba ya fashe da dariya ya ce yaro an wanke ka, wannan ai siniyar na'urar kiɗan ganga ta TR-808 ce. Na ce haba Oga, sunayensu fa daban daban. Sai ya ɗauko biyu, ɗaya an rubuta mata Atlanta ɗaya Chicago, ya ɗora su a layi ɗaya ya juya feis ɗin guda, wato ya kifar da igiyar sautinta yadda in iri ɗaya ne za su soke juna, ya danna. Shiru! Ko ƙis ba ka ji, sun cinye juna, ma'ana fayil ɗaya ne suna kawai aka canja. Muka yi ta gwadawa har azahar, wasu an ɗan ɗaga musu murya, wasu an liƙa musu tafi a kai, amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

A nan ne ya zaunar da ni. Ita 808 ɗin nan kamfanin Roland na Japan ya fito da ita a 1980, zuwa 1983 an daina ƙera ta, ba ta ma yi kasuwa ba, mutane na cewa ba ta yi kama da gangar gaske. Siniyarta ba ɗaukar sauti aka yi ba, lantarki ke haɗa ta, ɗan amo gajere da shuuu a kai. To ita ce yaran Atlanta suka mayar ta tirap, wani salon hip hop, har da irin su furodusa Lex Luger ɗan Virginia wajen 2010, kuma yau kyauta take yawo ko'ina. Abin da na biya kuɗi na saya kenan, jama'a.

Amma a faɗi gaskiya, akwai wata folda can ƙasa da na kusa gogewa, ita ta ɗan sanyaya min zuciya. Siniya ce masu datti da kauri irin ta tsohon hip hop na New York, da alama an bi da su ta SP-1200, injin ɗaukar sauti na 1987 mai bit 12 (ma'aunin tsaftar sauti, ƙarami ne) da daƙiƙa 10 kacal na ɗauka, shi ya sa komai ke fitowa da ɗan tsakuwa tsakuwa. Na sa ɗaya a ƙarƙashin wani rap na Hausa da nake haɗa wa wani yaro, kai, nan take waƙar ta tsaya da ƙafarta. Har da masu kama da na na'urar ganga Oberheim DMX da mawaƙan rap Run-DMC suka yi aiki da ita a 1983, busassu masu marin kunne. Ranar har na ce to kuɗina bai tafi a banza ba.

Sai Oga ya sake ɓata min lissafi. Ya saurari guda biyu ya ce wannan kamar daga waƙar Funky Drummer ta James Brown aka yanko ta, bugun makaɗinsa Clyde Stubblefield, waccan kuma daga wata waƙa Impeach the President ta 1973, waɗanda aka yi ta yanka tun zamanin da ba a haife ni ba. Alhali a shafin tallan an rubuta ɓaro ɓaro cewa duka sautukan nasu ne, ka yi kasuwanci da su ba fargaba. To in bit ya tashi a YouTube aka zo min da maganar haƙƙin mallaka wa zan kama? Na tura musu saƙo sau biyu ina tambayar asalin foldar, ko amsa babu, sai tallan sabon kit da suka turo min jiya wai an yi ragi.

Tauraro biyu na ba su a wajen ba da maki, shi ma don albarkacin foldar nan ne da yanzu nake tsoron taɓawa.