Saƙo daga Jamus: sifikar ba ta da laifi

Yaya, barka da war haka. A gaida Umma da yara.

Ka tambaye ni ko kayan lantarki sun fi daɗin sha'ani a nan. Wajen saye kam hankali kwance yake: doka ta ba ka garantin shekara 2 a kan sabon kaya, wanda ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar, ba mai tambayarka dalili. Gyara ne tashin hankali. Babu irin Farm Centre ko Beirut Road, kasuwannin waya da kwamfuta na Kano, inda za ka miƙa wa yaro, ka je sallar la'asar, ka dawo ka karɓi abinka. Sau da yawa sai ka naɗe ka aika, ka zauna jiran makonni. In garanti ya ƙare kuwa, kuɗin aiki kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. Shi ya sa wasu a nan suke taɓa gyara a ɗakinsu.

Laftof ɗina ta fara ƙas-ƙas duk lokacin da na kunna tafsiri, murya tana tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Da a gida ne, na san sifika za a fara cirewa. Wani abokin aikina ya ce in kashe Wi-Fi in saurari abin da ke cikin kwamfutar. Ina kashewa sauti ya fito tas.

Ga dalilin: manhajar da ke tuƙa katin Wi-Fi takan riƙe kwamfutar na ɗan ƙiftawar ido, musamman in tana laluben wasu hanyoyin sadarwa ko tana tsimin batir. Sauti kuma ba ya jira, da an tsayar da shi sai ka ji ƙas. A benen da nake, kowane gida da nasa Wi-Fi, katin bai da hutu.

Muka shiga Device Manager, inda Windows ke jera kayan cikin kwamfuta, wajen Network adapters, muka cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin don tsimin wuta, muka rage Roaming Aggressiveness, wato yawan laluben wata hanyar Wi-Fi da katin ke yi, muka sabunta manhajar. Na koma kan layin Wi-Fi na 5GHz, domin na 2.4GHz ɗin tare suke cunkuso da Bluetooth. Ko sisi ban kashe ba.

Laftof ɗin da ka saya wa Abba ta hannu, da ka ce tana irin wannan ƙarar, a gwada mata haka kafin kowa ya kwance mata ƙusa. In ta ci gaba bayan an kashe Wi-Fi, to a kai ta Beirut Road.