Sharhi kan Tallinn Card: yini ɗaya a tsohon garin Tallinn

Tallinn Card kati ne da ake sayar wa masu yawon buɗe ido a Tallinn, babban birnin Istoniya, na awa 24, 48 ko 72. Da shi ake shiga gidajen tarihi da hasumiyoyi da dama ba tare da an sake biyan kuɗi ba, a kuma hau bas da taragon cikin gari. Agogonsa yana fara ƙirga ne daga amfanin farko, don haka wanda ya taɓa shi a bas da daddare ya yi asarar sa'o'in barcinsa.

Ra'ayina shi ne, katin awa 24 ba ya mayar da kuɗinsa sai ga wanda zai shiga wurare huɗu ko fiye. Dalili kuwa, tsohon garin, wanda UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihin duniya a 1997, ƙarami ne, da ƙafa ake zaga shi, kuma mafi kyawun abubuwansa kyauta ne. Ba a biyan ko sisi a dandalin Raekoja plats, inda ginin majalisar gari na 1404 yake, haka ma kantin magani na Raeapteek da ke aiki tun 1422. Wuraren hango gari na Kohtuotsa da Patkuli da ke kan tudun Toompea su ma a buɗe suke ga kowa.

Inda katin yake da amfani shi ne hasumiyar cocin Oleviste. Matakalarta ta dutse ce, mai murɗewa, ga ƙunci, har sai mai hawa ya manne da bango kafin mai saukowa ya wuce. Daga sama kuwa jajayen rufin gidaje da tashar jiragen ruwa duk suna ƙarƙashinka. Sai dai a lokacin sanyi a rufe take. Bayanta sai hasumiyar Kiek in de Kök da hanyoyinta na ƙarƙashin ƙasa, da gidan tarihin Niguliste mai lif na gilashi, wanda ya fi dacewa da dattawa.

A shiga ta ƙofar Viru da ƙarfe tara, a fara da Toompea ta titin Pikk jalg, domin a lokacin zafi fasinjojin manyan jiragen ruwa suna cika tudun kafin azahar. Kada a sayi katin don ranar Litinin, gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa. Duwatsun da aka shimfiɗa a titi suna da santsi idan an yi ruwa, takalmi mai tsini ko silifas wahala ce kawai.

Batun abinci, a yi tambaya kafin a ci, naman alade ya yawaita a girkinsu. Kifi da baƙin burodinsu sun wadatar. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, mai zuwa a lokacin ya gama da wuraren hangen gari tun da hantsi.