Ensoniq Mirage ta gwanjo: sautin ya biya ni amma mai sayarwa ya cuce ni

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar situdiyo. Mutane na ta tambayata wai wane fulogin (ƙaramar manhajar sauti ta kwamfuta) ne na yi bes ɗin sabon kiɗana da shi, to ba fulogin ba ne, tsohuwar samfula ce Ensoniq Mirage, wato fiyano mai ɗaukar guntun sauti ta baje shi a kan makullai, irin ta farkon nan mai nauyin tsiya. Gwanjo na saye ta a hannun wani mai shigo da kayan kiɗa a Legas, kuɗin kuma ba sai na faɗa ba, kun san yadda kayan nan suka koma tun da dala ta haukace.

Na daɗe ina son in mallaki ɗaya daga cikin na'urorin nan na shekarun 1980 saboda ni mutum ne mai son kiɗan lantarki na wancan zamanin, akwai wani kaushi a sautinsu da duk yadda na murɗa manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ba na samunsa. Samfular Fairlight CMI dai ba a ma maganarta, tun da Peter Vogel da Kim Ryrie suka fito da ita a Sidni ta ƙasar Ostireliya a 1979 kuɗinta ya haura dala 20,000, sai irin su Peter Gabriel da Kate Bush ne ke iya saya. Af, wannan bugun okestira da muke dannawa a fiyanon Yamaha PSR kullum idan za a shiga amshi, ai daga Fairlight ɗin ya yi suna, guntun sauti ne da aka yanko daga wani faifan kiɗan Stravinsky. Emulator II ta kamfanin E-mu wadda Depeche Mode suka yi ta aiki da ita, da ta fito a 1984 kusan dala 8,000 ce. To ana cikin haka sai ga Mirage ƙasa da dala 1,700, ita ce ta talaka kenan, shi ya sa aka sayar da ita da yawa, shi ya sa kuma har yau ake tsintarta a cikin kwantenar gwanjo.

Bari in fara da abin da ya ƙona min rai don wallahi har yanzu idan na tuna sai na ji zuciyata na tafasa. Bawan Allahn nan ya turo min bidiyo a WhatsApp yana danna makullan, sauti na fita tas, fiyano ne da goge, ya ce komai lafiya lau yake. Na tura kuɗi, aka sa min ita a mota, na je tasha na ɗauko. Ina juya bayanta sai na ga rubutun wuta 110 irin ta Amurka, bai taɓa faɗa min ba ko da wasa, da wani ne mai gaggawa ya jona ta a bango kai tsaye shikenan ta ƙone. Na haƙura na je na sayo transfoma mai rage wuta. Na kunna, ɗan allon nan ya kawo, sai haruffa biyu kawai "nd", na danna makulli shiru, na danna wani shiru, na canza kebul na canza sifika, ko ƙus. Na leƙa ramin faifai babu komai a ciki, na zazzage kwalin kaf har da tsummokaran da ya cusa a gefe, babu faifai ko ɗaya.

Wanda bai san na'urar ba zai ce to menene a ciki, faifai ne kawai. Mirage ba ta ajiye komai a cikinta. Manhajar da take tashi da ita da sautukan duka a kan faifan fulofi mai inci 3.5 suke, duk sanda ka kunna sai ta karanto su daga faifan sannan ta san ma ita fiyano ce. Babu faifai mota ce babu inji. Kuma ba kowane fulofi za ka tsinta ka zura ba, tsarin rubutunta nata ne daban, ba irin na kwamfuta ba.

Na kira shi na ce Alhaji ina faifan da ka yi min bidiyo da shi? Buɗar bakinsa sai cewa ya yi wai ai fiyano na saya ban sayi faifai ba, wai faifan na gwaji ne yana amfani da shi wa sauran kwastomomi, idan ina so sai in ƙara kuɗi. Na ce haba Alhaji, tsakaninka da Allah, kai ka san ba ta ko tari idan babu shi, me ya hana ka faɗa min kafin in tura? Ya ce zai duba. Daga nan sai in kira ya ce yana kan hanya, in kira ya ce yaronsa ne ya tafi da makullin shago, can kuma sai ya koma karanta saƙo ba amsa. Ba ƙarin kuɗin ne ya dame ni ba, da tun farko ya ce kuɗin faifai daban ne da na biya ba musu. Ɓoyewar ce ta yi min ciwo, mutum ya san abu ya yi shiru da gangan sai da kuɗi ya shiga asusunsa.

Allah ya haɗa ni da wani mai gyaran fiyano a nan Kano, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ce in rabu da neman fulofi don ko na samu injin karanta faifan nata ya tsufa, ba lallai ya daɗe ba. Ya cire shi ya sa min wata 'yar na'ura da ke shiga daidai ramin tana karɓar filash, ita Mirage ɗin a zatonta fulofi take karantawa. Kwafin tsofaffin faifan kuma masu irinta sun ajiye su a intanet, muka sauko da su muka zuba. Ƙarin kashe kuɗi dai wanda ba ya cikin lissafina.

Da ta tashi na fara jin sautukan kamfani, gaskiya fiyanon bai burge ni ba, ya yi siriri, idan fiyano mai tsafta kake so PSR ɗinka ta fi ta nesa ba kusa ba. Har na fara tunanin na yi asara sau biyu.

Abin da ya juya min ra'ayi gaba ɗaya shi ne ranar da na ɗauki kalangu da ita. Akwai wani dattijo a unguwarmu makaɗin kalangu ne tun na gado, na roƙe shi ya shigo situdiyo, na ce Baba bugu ɗaya tak nake so, ka buga ka matse tsarkiya sautin ya hau ka saki. Ya ce yaro bugu ɗaya kuma wane irin kiɗa ne wannan, na ce Baba na'urar ce ba ta da ciki. Kuma gaskiya na faɗa masa, duka abin da take iya riƙewa kilobait 128 ne, an raba shi biyu, 64 na makullan ƙasa 64 na sama. Idan kana son sauti mai kyau wajen sakan 2 kawai za ka samu a kowane ɓangare, idan ka rage ingancin sosai ka kai sakan 6 da ɗoriya. Na jona makirfo, ya buga, ɗan allon ya yi ƙyaftawarsa, shikenan ta ɗauka.

Na danna makullin tsakiya kalangu ya fito, amma da wani ɗan yashi-yashi a jikinsa saboda bit 8 ce, wato ba ta ɗaukar sauti da tsafta irin na'urorin yanzu. Sai na gangara ƙasa da hannun hagu. Kai jama'a! Ita ba ta san gyaran tsawon sauti irin na manhajojin yanzu ba, idan ka sauka ƙasa sautin nauyi yake yi ya kuma ja tsawo, wannan matse tsarkiyar da Baba ya yi cikin ƙiftawar ido sai ya koma wani dogon gurnani mai hawa a hankali, yashin nan ya ƙara fitowa yana ƙyas-ƙyas a samansa. Sai na shiga saitin lamba 36 na fara rage filta, wato matatar da ke rage kaifin sauti, na ɗan ƙara 37 mai ƙara wa filtar amo. A nan sirrin yake, sautin dijital ne amma filtar ta analog ce ta kamfanin Curtis, kowanne cikin sautuka takwas da take iya fitarwa a tare da tasa filtar, tana shafe ƙyas-ƙyas ɗin ta bar maka ƙasan da ɗumi da kauri. Gilashin tagar situdiyo sai da ya yi rawa. Baba ya ajiye kalangunsa ya matso ya ce in sake dannawa, na sake, ya sa yatsa da kansa ya danna makulli uku a tare, ya daɗe yana saurare sannan ya ce wannan ai ya fi kama da tambarin gidan sarki. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Bes ɗin da kuke tambaya kenan, kalangu ne, bugu ɗaya.

Na gwada yin irinsa a kwamfuta don in tabbatar ba zumuɗi ne ke ɗibana ba, na ɗauki bugun da makirfo ɗaya na rage shi zuwa bit 8 da fulogin na sa filta. Ya yi kusa amma bai kai ba, na kwamfutar a kwance yake, na Mirage kuma yana da wani motsi, kowane makulli da kalar dattinsa. Wanda ya zana guntun lantarkin (cif) da ke fitar da sautinta Bob Yannes ne, mutumin da ya yi guntun sauti na kwamfutar Commodore 64 kafin su kafa Ensoniq a jihar Pennsylvania, kuma guntun nan na Mirage shi Apple suka sa a kwamfutarsu IIGS a 1986. Yanzu na gane abin da ya sa manyan furodusoshi irin Jimmy Jam da Terry Lewis suka yi kundin waƙoƙin Janet Jackson na 1986 da ita alhali suna da kuɗin sayen wadda ta ninka ta tsada.

A ranar da a ce an ce in ba ta maki, biyar cikin biyar zan bayar ba tunani.

Amma fa zama da ita sai mai haƙuri. Allon nan gurbi biyu ne kacal, babu suna babu hoton sauti, komai lamba ne, sai ka haddace ko ka manna takarda a bango. Wurin yanke farkon sautin da ka ɗauka da ƙarshensa, lamba 60 da 61, ba ma lissafin da muka saba ba ne, daga 9 sai ta tafi A, B, C har F, ƙarshen ma'auni FF ne, kana dannawa kana kasa kunne har ka dace. Haɗa luf kuwa, wato ɗinke ƙarshen sauti da farkonsa don ya yi ta zarcewa ba tare da ya yi ƙas a mahaɗa ba, na gwada da muryar wata mawaƙiya na kusa yin kuka, sai da dare ya raba sannan na samu wanda za a iya ji. Kuma ina cikin murna ban kai ga ajiyewa a filash ba aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya tafi, don ba ta riƙe abu idan wuta ta yanke. Ban ga laifinta ba a nan, haka aka yi su a zamaninsu, amma wanda ke zaune inda wuta ke wasa dole ya haɗa ta da inbata ko UPS, wani kuɗin kenan kuma. Mafitar sauti ɗaya ce tak a irin tawa, babu sitiriyo. Nauyi kuma kar ka ce za ka riƙa ɗaukarta zuwa wajen biki.

Sannan da na fara wasa da ita sosai sai na gano makulli biyu a can sama ba sa amsawa sai ka danna da ƙarfi, wani na uku kuma gaba ɗaya a mace yake. Na koma na sake kallon bidiyon da mutumin nan ya turo, sai na lura hannunsa bai taɓa zuwa wajen ba, a tsakiya ya yi ta yawo. Kenan ya sani. Wuta 110 ya sani, faifai ya sani, makullai ya sani, abu uku ya ɓoye min a ciniki ɗaya kuma har yana ce min ɗan uwa. Na tura masa hoto da bidiyo ya buɗe ya gani bai ce uffan ba. Na bar shi da Allah, amma ko kebul ba zan ƙara saya a wajensa ba, kuma duk wanda ya tambaye ni a gefe zan faɗa masa gaskiya.

Don haka idan ka haɗa kuɗin transfoma da na'urar filash da ladan mai gyara da ɓacin rai, maki uku zan ba wannan cinikin, ukun ma darajar sautin ne. Sayarwa dai ba zan sayar ba, wani abokin aiki ya taya har da riba na ce a'a, akwai gurmi da kukuma da nake son in ɗauka da ita in ji yadda za su koma a makullan ƙasa. Amma ban ce kowa ya je ya saya ba, idan aikinka na sauri ne, mawaƙi na zaune yana jiran kiɗa yau-yau, za ta ɓata maka lokaci ne kawai. Idan kuma ka nace, dan Allah kar ka yarda da bidiyon da aka riga aka ɗauka, a kira ka kai tsaye a kashe ta a kunna a gabanka, a danna makullai 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a juya maka bayanta ka karanta wutar, kuma a faɗa da baki cewa faifan na cikin kuɗin.

Mai gyara ya ce makullai biyun wankewa za a yi su dawo, amma mataccen sai an samo kayansa daga jikin wata Mirage ɗin da ta lalace. Idan akwai wanda ya san inda wata take a yashe, a Kano ko Kaduna ko Jos, ko da ba ta kawo wuta, dan Allah ya yi min magana zan saya.