Jakar magazin da na je saya wa ƙanena a Houston

Shekarata shida a birnin Houston na Amurka, ban taɓa shiga shagon kayan sojoji da maharba ba sai watan jiya. Ƙanena ne sila. Jami'in tsaro ne, an tura su wajajen Batsari, bakin dajin Rugu, kuma ba sai na yi wa ɗan Katsina bayanin wurin nan ba. Ya turo mini hotonsa a WhatsApp, na ga magazin, wato gidan harsashin da ake maƙala wa bindiga, guda biyu ɗaure da salatif, na uku a aljihun wando. Ya ce, "Yaya, in da hali a samo mini 'yar jakar da ake zuba su, aljihun nan sau biyu yana yagewa."

Na shiga da niyyar in nuna, in biya, in fito. Wani dattijo mai furfura ya tare ni, ya ce wace bindiga ce. Na ce AK-47. Ya ce gara da na faɗa, domin yawancin jakunkunan da ke rataye a bangon an ɗinka su ne don magazin bindigar AR-15 mai cin harsashi 5.56, wanda kusan miƙaƙƙe ne. Na AK kuwa, mai cin 7.62, lanƙwasasshe ne kamar lauje, ga haƙori a bakinsa da ke kama yadi idan jakar ta matse. Daga nan tambayoyi suka biyo baya. A ƙirji zai ɗaura ko a ƙugu? Yana sa rigar sulke? Bahago ne? Ya fi yin sintiri a ƙafa ko a bayan mota? Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Wallahi kunya ta kama ni, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, rayuwarsa na rataye da abin nan, ni kuma na zo sayensa kamar mai sayen jakar cefane.

Dattijon ya ce in kira shi. A nan hantsi ne, can gida an yi la'asar. Na kira, ina fassara, mutumin nan yana tsaye yana saurare kusan rabin awa, a kan kayan da bai kai dala hamsin ba.

Sai ya ɗauko magazin na gwaji mai nauyin na gaske, ya ɗaura mini jaka uku a ƙirji. Cikakken magazin ƙarfe mai harsashi 30 ya kusa kilo guda, nan take na ji kafaɗata ta amsa. Ya nuna mini mai buɗaɗɗen baki da igiyar roba, wadda ake zarowa da sauri amma ƙura ke shiga yadda ta so. Ya nuna mai murfi. Da na ba shi labarin ƙurar hunturu da ƙarangiya, har na nemo masa hotonta a waya, sai ya ture mai maɗaurin Velcro, yadin nan mai kaushi da ke mannewa da ɗan'uwansa, gefe. Ya ce ƙaya irin wannan za ta cushe shi ya daina kamawa, ga kuma ƙarar da yake yi idan an ɓalle shi cikin dare. Ya zaɓi mai maɓallin roba. Ya juya gindinta ya nuna mini 'yar huda mai zoben ƙarfe, don ruwan damina ya zube kada harsashi ya kwana a jiƙe.

Ina tsaye a wurin zuciyata ta tafi kasuwarmu. Sau nawa aka miƙo maka abu aka ce "duk ɗaya ne, Alhaji, za ta shiga"? Ka kai gida ba ta shiga ba, ka dawo a ce an riga an yi ciniki. Mun saba da wannan har ba ma jin zafinsa, mai saye ma gani yake yawan tambaya ƙauyanci ne. Abin da ya fi ci mini rai, ba hannu muka rasa ba. Dukawan Katsina da ke ɗinka kuben takobi ya zauna cif, su yi kayan dokin hawan sallah da ke shekaru ba su yage ba, wace jaka ce za ta gagare su?

Nan Houston ɗin ma akwai abin haushi. Kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai a wurin biya a ɗora harajin kashi 8.25 cikin ɗari. Har yau ban saba ba. Babbar matsalar kuma ta gida ce: kayan soja irin wannan ba a shigar da su Najeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Da halin da muke ciki, ban ga laifin dokar ba, kuma ba zan saka ta cikin akwatin wani in ja masa fitina a filin jirgi ba.

Don haka jakar tana nan wurina. Na auna ta ciki da waje, na ɗauki hoton kowane ɗinki, na tura wa ƙanena. Na ce idan ya shigo gari hutu, ya nemi izinin na gaba da shi, ya sami baduku mai keken ɗinka tamfol, kuma kada ya karɓa sai ya gwada a tsaye, a tsugune, da rub da ciki. Jiya ya turo saƙon murya, ya ce, "Yaya, na samu wani tsoho, ya ce shi ma ba zai yanka yadi ba sai ya ga lanƙwasar abin da idonsa."