Zaɓen na'urar auna teku mai bin ruwa a yankunan zafi

Hukumar hasashen yanayi, ko sashen nazarin teku na jami'a, ko cibiyar binciken kamun kifi da ke shirin sayen na'urorin da ake jefawa a teku su bi ruwa suna aiko da bayanai, za ta tarar da samfura da yawa waɗanda a ido kamarsu ɗaya: ƙwallon roba mai tauri wanda faɗinsa bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba, da batir da eriya a cikinsa. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya kaiwa, kuma tekun yankin zafi yana da halayensa da ke sa zaɓin da ya dace da tekunan sanyi ya zama ɓarnar kuɗi a cikinsa.

Tambaya ta farko ita ce ko na'ura mai yawo ce ma ake bukata. A kan layin ikweta, iskar da ke kaɗowa daga gabas tana haɗuwa da juyawar duniya ta raba ruwan saman teku biyu, na arewa ya karkata arewa, na kudu ya karkata kudu, ruwan sanyi ya taso daga ƙasa ya cike gurbin. Duk na'urar da aka jefa a wannan layi za ta bar shi, ko ba daɗe ko ba jima. Wannan yana cikin dalilan da suka sa, bayan El Niño na 1982 zuwa 1983, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke sauya yanayin duniya, ya zo wa masana ba shiri, aka koma ga na'urorin da ake ɗaurewa a ƙasan teku da anga: tsarin TAO a tekun Fasifik, wanda aka kammala a 1994 da na'urori kusan 70, sai PIRATA a Atlantika wanda Brazil da Faransa da Amurka suka fara a 1997, sai RAMA a tekun Indiya. Waɗannan suna auna iska da danshi da zafin ruwa har zurfin mita 500 a wuri guda shekara da shekaru, amma sai da jirgin ruwa mai zagayawa yana canza su kusan kowace shekara, kuma kifin tuna yana taruwa a ƙarƙashinsu, jiragen kamun kifi kuma suna binsa su lalata kayan. Da Amurka ta ajiye jirgin da ke kula da TAO a 2012, bayanan da ke shigowa sun faɗi zuwa kusan kashi 40 cikin 100 kafin a farfaɗo da aikin. Wanda ba shi da tabbacin jirgi duk shekara, kada ya shiga wannan hanya. Na'urorin Argo kuwa, masu nutsewa da tasowa da kansu, aikinsu dabam ne, domin suna zama a zurfin mita 1,000, su nutsa zuwa 2,000, su taso sau ɗaya a kwana 10, saboda haka labarin cikin teku suke bayarwa, ba na samansa awa bayan awa ba.

Idan an tsaya a kan mai yawo, ma'aunin da ake gwada sauran da shi shi ne samfurin SVP, wanda shirin hukumar NOAA ta Amurka na na'urori masu yawo a tekunan duniya yake amfani da shi, kuma a watan Satumba na 2005 shirin ya cika burinsa na na'urori 1,250 a kan ruwa lokaci guda. A ƙarƙashin ƙwallon akwai igiya, a ƙarshen igiyar kuma akwai jela: doguwar jakar yadi mai tsawon kimanin mita 6, buɗe sama da ƙasa, an huda mata manyan ramuka a jiki, tsakiyarta tana zurfin mita 15. Ƙa'idar ƙirar ita ce jan da ruwa ke yi wa jelar ya ninka na ƙwallon da igiyar sau 40, kuma idan an cika wannan ƙa'ida, iskar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa ba ta iya zamar da na'urar daga tafiyar ruwa da ya kai santimita 1 a daƙiƙa. Jefa ta ba ya bukatar masani. Tana zuwa a naɗe, nauyinta kimanin kilo 20, jelar a ninke an ɗaure ta da tef na takarda. Ma'aikacin jirgin kaya yana cire ledar waje kawai, ya jefa ta daga bayan jirgi yana tafiya, tef ɗin ya jiƙe ya narke, jelar ta warware ta nutse da kanta. Wanda ya yanke tef ɗin kafin jefawa don neman taimakawa, shi ne ke jawo igiyar ta harɗe.

A ganina, nan ne ya kamata mai saye ya fi tsananta tambaya, domin jela tana tsinkewa tun batir yana da sauran rai. Irin wannan na'ura takan yi kwana 400 ko fiye tana magana, amma da yawa suna rasa jelarsu kafin nan, ko saboda cizon kifi, ko saboda gajiyar igiya a wurin da ta haɗu da ƙwallon. Da zarar jela ta tafi, na'urar ba ta daina aiko da matsayinta ba, sai dai tafiyar tata ta koma gaurayen ruwa da iska, inda zamewar ke kai kusan kashi 1 cikin 100 na gudun iskar ko fiye. A yankin da iskar gabas ke kaɗawa wata da watanni ta fuska ɗaya, wannan kuskure ba ya soke kansa, taruwa yake yi. A 2011 masu bincike suka gano cewa wani ƙarin gudun ruwa da ake gani a bayanan shekarun 2000 ba daga teku yake ba, daga na'urorin da suka rasa jela ne ba a lura ba, har sai da aka sake tace bayanan gaba ɗaya. Hanyoyin gane tsinkewar jela uku ne: ma'aunin da ke ƙirga yawan nutsewar ƙwallon a ruwa, da ma'aunin jan da igiya ke yi, da lura da tsawon lokacin da GPS ke ɗauka kafin ya kama matsayi, tunda ƙwallon da jela ke janyowa ƙasa yakan jinkirta. Kamfanin da ya ba da biyu daga cikin ukun ya fi wanda ya ba da ɗaya, kuma ya kamata a nemi ya nuna tarihin tsawon rayuwar jelar samfurinsa, ba na batir kaɗai ba.

Zurfin mita 15 ba shi ne amsar kowace tambaya ba. Mai son sanin inda malalar man fetur za ta nufa, ko tarkacen roba, ko ciyawar sargasum da ta mamaye Atlantika ta yankin zafi tun 2011, ko kwale-kwalen da injinsa ya mutu, ruwan mita ɗaya na sama ne ya dame shi. Don wannan akwai samfurin CODE mai fukafukai huɗu na yadi, da na CARTHE wanda aka ƙera bayan malalar man Deepwater Horizon ta 2010, mai jelar santimita 60 da jikin da yawancinsa ke ruɓewa a ruwa, wanda aka zuba fiye da 1,000 a mashigin tekun Meksiko a 2016. Suna da araha ƙwarai, rayuwarsu watanni kaɗan ce, kuma gaɓar teku suka fi dacewa da ita. Bayanansu ba sa haɗuwa da na SVP a lissafi ɗaya.

Sai batun baromita, wato ma'aunin nauyin iska, wanda masu sayarwa kan gabatar kamar dole ne. Nazarin da aka yi da tsarin hasashe na cibiyar ECMWF ta Turai ya nuna cewa awon nauyin iska daga na'urori masu yawo yana da tasiri babba, amma mafi yawan tasirin yana tekunan sanyi ne, musamman na kudancin duniya, inda nauyin iska ke hawa da sauka da ƙarfi. Kusa da ikweta canjin ƙanƙane ne, kuma abin da ya fi fitowa shi ne hawa da saukan da ke maimaituwa sau biyu a yini, ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, tazararsa miliba 2 ko ɗan fiye a ma'aunin nauyin iska, abin da an riga an san shi. Inda baromita ke biyan kuɗinsa shi ne hanyar mahaukaciyar guguwa: mashigin Bengal, yammacin Fasifik, kudu maso yammacin tekun Indiya, da Atlantika ta arewa daga gabas da tsibiran Karibiyan. A can awo ɗaya kusa da cibiyar guguwa yana da daraja, shi ya sa ake da samfurin da jirgin sama ke sakewa da laima a gabanta. Ƙaramar hukuma tana iya shiga tsarin kwamitin DBCP, wanda Hukumar Yanayi ta Duniya da hukumar teku ta UNESCO suka kafa a 1985, inda ake biyan kuɗin ƙara baromita kawai a kan na'urar da shirin NOAA zai jefa.

Ma'aunin zafin ruwa yana jikin kowace SVP, kimanin santimita 20 ƙarƙashin ruwa, kuma da shi ake gyara awon taurarin ɗan'adam, waɗanda gajimaren yankin zafi da ƙurar Sahara ke ruɗawa. A ranar da iska ta kwanta rana ta ƙwalle, saman ruwa yakan ɗumama da digiri 2 ko 3 da rana ya huce da dare, saboda haka awon kowace awa ya zama tilas. Akwai samfura masu ma'auni na musamman, kamar waɗanda kamfanin nke na Faransa ya ƙera don tantance tauraron Sentinel-3, amma wanda ba aikin tantance tauraro yake yi ba, na yau da kullum ya ishe shi muddin yana da takardar shaidar gwaji. Ma'aunin gishiri kuwa yana ninka kuɗin na'ura, ruwan ɗumi kuma yana sa gansakuka da ƙananan halittu masu mannewa su toshe shi da wuri, awon ya riƙa karkata a hankali ba tare da wata alama ba. Yana da amfani inda ruwan daɗi ke shimfiɗa a kan na gishiri ya hana su gauraya, kamar bakin kogin Amazon da na Kongo da mashigin Bengal, amma sai mai saye yana da abin da zai gwada shi da shi, misali na'urar Argo da ke kusa.

Masu bukatar awon raƙuman ruwa suna da Spotter na kamfanin Sofar Ocean, mai aiki da hasken rana, da samfurin da cibiyar Scripps ta Kalifoniya ke ƙerawa. Dukansu da GPS suke auna motsin ruwa, kuma yawanci ba su da jela. Gudun iskar da Spotter ke bayarwa ƙiyasi ne daga ƙananan raƙuman ruwa, wanda ke raunana idan iska ta yi laushi, abin da ya zama ruwan dare kusa da ikweta.

A hanyar sadarwa ta taurarin ɗan'adam, muhawarar da ke tsakanin tsarin Argos da na Iridium ta kusa ƙarewa. Tsarin Argos, wanda ya fara aiki a 1978, ya dogara da taurarin da ke zagayawa ta kan ƙurewar arewa da ta kudancin duniya, don haka ikweta ce ke samun wucewa mafi ƙaranci, an sha yin sa'o'i babu labari, kuma kuskuren matsayi yakan kai ɗaruruwan mitoci. Iridium yana da taurari 66, saƙo yana isa cikin mintoci, GPS kuma yana ba da matsayi da kuskuren 'yan mitoci. Ƙananan na'urorin gaɓa sukan yi amfani da tsarin da ke bukatar tashar ƙasa a kusa, don haka a duba taswirar inda yake kaiwa kafin a aika su tsakiyar teku. A kuma lissafa kuɗin sadarwa na wata-wata har tsawon rayuwar na'urar, domin ba ya cikin farashin saye.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: na'ura mai yawo ba ta dawowa, kuma wasu za su mutu da wuri, ko su maƙale a gaɓa, ko masunta su tsince su. Saboda haka, ga mai nazarin tafiyar ruwa da zafinsa, SVP da yawa marasa ƙarin kaya, masu Iridium da hanya biyu ta gane tsinkewar jela, sun fi 'yan kaɗan da aka ɗora wa kowane ma'auni. A yarjejeniyar saye, a rubuta wanda zai nemo wa kowace na'ura lambarta ta Hukumar Yanayi ta Duniya, da wanda zai sa bayanan a hanyar sadarwarta ta GTS don cibiyoyin hasashe su samu nan take, da yadda za a biya diyyar wadda ta mutu a makonnin farko. A tambayi nau'in batir, domin na litiyam yana da dokokin jigila masu tsauri waɗanda kan jinkirta kaya. Idan kuma za a jefa na'urar a cikin mil 200 na ruwan tattalin arzikin wata ƙasa, dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanadi neman izinin binciken kimiyya aƙalla wata 6 kafin fara aiki, don haka a shigar da takardar tun kafin a ba da odar kayan.