Dankalin Turawa ya ɓata min littafin da na so

Kwana uku ke nan da na gama littafin nan, har yanzu raina bai huce ba. Ƙanwata ce ta matsa min, wai tunda ina son labaran aljanu to wannan nawa ne. Na saye shi a waya a farashin da kuka san ana sayar da irinsu yanzu. Da Turanci aka rubuta shi, labarin soyayya ne na zamanin mutanen Kelt, tsoffin mazauna Birtaniya da Ailan.

Farkonsa ya kama ni sosai. An buɗe da shekara ta 60 bayan haihuwar Annabi Isa, lokacin da gwamnan Rumawa Suetonius Paulinus ya kai hari tsibirin Mona da ke gefen Wels a Birtaniya, cibiyar malaman addinin Kelt da ake kira Duruyid. Wannan yaƙi an yi shi da gaske, masanin tarihin Rumawa Tacitus ya ba da labarin yadda mata sanye da baƙaƙen kaya, gashi a barbaje, suka riƙa ratsa sahun mayaƙa da wuta a hannu, malaman kuma sun ɗaga hannu sama suna tsine wa Rumawa. Cikin wannan hargitsi yarinyar labarin ta faɗa kwale-kwale ta tsallaka Ailan, ƙasar da Rumawa ba su taɓa ci da yaƙi ba. A can ta haɗu da saurayin labarin, ɗaya daga cikin mutanen ɓoye, a daren Samhain na ƙarshen Oktoba, daren da mutanen Ailan suka yi imani tuddai suna buɗewa mutanen ɓoye su fito.

Akwai wani wuri da ya sa na ajiye wayar na yi shiru. A al'adarsu mutanen ɓoye ba sa taɓa ƙarfe. Wuƙar babanta ta faɗi a bakin rafi, ita kaɗai ce abin da ta tsira da shi daga Mona. Da asuba sai ta tarar da wuƙar a ƙofar bukkarta, shi kuma yana tsaye nesa ya ɓoye hannu a baya. Da ta janyo hannun, tafin ya saɓule, shatin ƙotar wuƙar ya fito raɗau a jikin naman. Ko kalma ɗaya ta so bai furta ba. Wallahi na yi hawaye, a daren na kira ƙanwata na ce mata ta yi gaskiya.

Sai ga babin da tsohuwar da ta riƙe ta ke yin girki. Ta zauna bakin murhu tana feraye dankali. Dankalin Turawa, a Ailan, a shekara ta 60! Na koma na sake karanta layin har sau uku ko ni ce ban gane ba. Dankali daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito, Sifaniyawa ne suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, wato kusan shekara 1500 bayan zamanin wannan labari. Na san abin da ya ruɗi marubuciyar, ana cewa Ailan sai a tuna dankali saboda yunwar da ta fara a can a 1845 da dankalinsu ya lalace. Amma wadda ta iya bin diddigin Tacitus ta gaza duba abin da ke cikin tukunya? Sha'ir da alkama da madara da naman alade suke ci, duk suna nan a rubuce. Kuma ba sau ɗaya ba, har a bikinsu dankalin nan ya sake fitowa. Daga nan na daina yarda da ita. Ko da ta zo kan shuɗin da mayaƙa ke shafawa a jiki, abin da jagoran Rumawa Julius Kaisar ya faɗa game da mutanen Birtaniya, na karanta ne zuciyata na cewa ko wannan ma ta ɗora wa mutanen Ailan ne don ado.

Na so in ce duk da haka ku saya, saboda hannun nan da ya ƙone. Amma yanzu da nake rubutu na tuna ƙarshen. Tudun ya rufe yana ciki tana waje, da ciki wata shida, sai kawai aka ce a nemi littafi na biyu. A shafin sayarwa babu inda aka nuna cewa rabin labari mutum zai biya wa kuɗi, da na sani da na shirya. Tauraro huɗu na yi niyyar ba shi, na mayar biyu. Ƙanwata ta riga ta sayi na biyun, na ce mata idan ta gama ta faɗa min ko ya fito daga tudun.